Mijin 'Yar Najeriya da Sashe na 26

Babi na uku na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi hanyoyi uku na zama ɗan ƙasa: haihuwa, rajista, da neman a ba mutum bayan doguwar zama. A hanya ta farko babu bambanci tsakanin uwa da uba, domin sashe na 25 ya wadatar da cewa ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne, ko da an haifi yaron a waje. Matsalar tana sashe na 26, wanda ya buɗe ƙofar rajista ga duk macen da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, amma ya yi gum a kan namijin da ya auri 'yar Najeriya. Shi sai dai ya bi sashe na 27, ya yi shekara goma sha biyar a ƙasar, gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'a sun karɓe shi, sannan Shugaban Ƙasa ya gamsu. Abin da nake son nunawa shi ne wannan tanadi bai tsare ƙasa daga kowane haɗari ba, kuma wanda ya tauye wa haƙƙi ba baƙon ba ne, matarsa ce.

Dalili kuwa a fili yake. Babu wata ƙasa da baƙo yake bin ta bashin a mai da shi ɗan ƙasa. Abin da sashe na 26 ya bayar dama ce ga ɗan Najeriya ya jawo abokin rayuwarsa cikin al'ummarsa, sai aka miƙa wa maza ita aka hana mata, alhali sashe na 42 na kundin nan ɗaya ya haramta nuna wa ɗan ƙasa wariya saboda jinsinsa. Bakatsinen da ya auro Bamaraɗiya zai iya kai ta ta yi rajista. Ƙanwarsa da ta auri ɗan Maraɗi, suka zauna a Jibiya suna haihuwa, 'ya'yanta duk 'yan Najeriya ne, ubansu kuma baƙo ne a gidan da yake ciyarwa. A da ana iya cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga ta rage masa zafi, amma tun ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 zamansa ya koma rataye da sassaucin da hukumomi suka ga damar ci gaba da yi.

Masu kare tanadin sukan jingina shi da al'ada da addini: mace ce ke tarewa gidan miji, kuma ɗa sunan ubansa yake ɗauka. Wannan hujja tana cakuɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Nasaba hukunci ce da ta shafi suna da gado da waliccin aure, babu wanda ya nemi a taɓa ta. Zama ɗan ƙasa kuwa alaƙa ce tsakanin mutum da gwamnatin zamani mai iyakoki da fasfo, abin da malaman fiƙihu na da ba su san shi a wannan siffa ba. Ban da haka, asalin tanadin ba daga Sakkwato ko Borno ya fito ba. Dokar Ingila ta 1870 ce ta ce matar aure ƙasar mijinta take bi, dokarsu ta 1948 kuma ta ba matan 'yan ƙasa damar rajista, daga nan tsarin ya gangaro cikin kundin 1960 ya yi ta bin waɗanda suka biyo baya. Abin da ake karewa da sunan gadon kakanni, gadon Turawan mulki ne, su kuma tuni suka yar da shi a ƙasarsu.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce tsoron kada baƙi su riƙa auren bogi don samun takarda, a ƙasar da iyakokinta suke a buɗe kuma tsaro ya taɓarɓare. Damuwar ta cancanci a saurare ta, amma ba ta kai inda ake son ta kai ba. Rajista ba kyauta ba ce da ake miƙawa ranar ɗaurin aure. Sashe na 26 ya gindaya cewa sai Shugaban Ƙasa ya gamsu da kyawun halin mai nema da niyyarsa ta zama a Najeriya, sai kuma ya yi rantsuwar biyayya, wanda ya samu ta wannan hanya kuma ba zai taɓa zama Shugaban Ƙasa ba, tunda wannan kujera ta ɗan ƙasa na haihuwa ce. In waɗannan sharuɗɗa sun isa su tace mata, me zai hana su tace maza? In kuma ba su isa ba, sai a ƙara musu ƙarfi a kan kowa, kamar a sa wa auren adadin shekaru. Ɗan bindigar da ke ƙetarowa ta daji ai ba ya neman takardar shaida daga Ma'aikatar Cikin Gida.

Abin da ke ƙarƙashin wannan tsoro, a ganina, shi ne tsohuwar ɗabi'armu ta ɗaukar baƙo raɓa, wanda ake jira rana ta fito ya bushe, musamman in namiji ne da zai iya neman fili ko kasuwa ko kujera. Tarihi ya nuna yadda siyasa ke wasa da wannan ɗabi'a. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, zuwa Cadi, da hujjar cewa mahaifinsa ɗan can ne. Kotu ta dawo da shi, domin mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce. A 1983 aka kori baƙi fiye da miliyan guda, da yawansu 'yan Gana, kamar yadda gwamnatin Busia ta Gana ta kori 'yan Najeriya a 1969, ciki har da Hausawan zango da aka haifa a can. Al'ummar da 'ya'yanta suka yi fatauci suka yi aure daga Kumasi har Sudan ta fi kowa sanin abin da kalmar baƙo kan jawo ranar da gwamnati ta shiga matsi.

Gyaran ba sabon abu ba ne a Afirka. Unity Dow, wadda ta auri Ba'amurke, ta kayar da gwamnatin Botswana a kotu a 1992 kan hana 'ya'yanta zama 'yan ƙasa, aka sake dokar a 1995. Kenya ta daidaita maza da mata a kundinta na 2010, Senegal a 2013, Nijar kuma a 2014 ta ba mata damar ba mazajensu ƙasa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata tun 1985, amma ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurin gyara sashe na 26 tare da wasu ƙudurori huɗu na mata. Da mata suka tare ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta janye matsayinta bayan mako guda ta ce za ta sake ƙuri'a, wa'adinta kuma ya ƙare a 2023 sashen yana nan yadda yake. Abin mamaki shi ne sashe na 32, da ke maganar ba ma'auratan 'yan ƙasa cikakken izinin zama, bai ware miji daga mata ba. Masu rubuta kundin sun san yadda ake faɗin abin ba tare da wariya ba, sashe shida kacal bayan inda suka ƙi faɗa.