Zuma: Suna Ɗaya, Ga Zaƙi Ga Harbi

In mutumin Galadi ya ce "zuma ta harbe ni", ƙwaro yake nufi. In ya ce "na sha zuma", abin da ƙwaron ya tara ne. Suna ɗaya ya ɗauki mai aiki da aikinsa, shi ya sa ake cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Sai an so rarrabewa ake cewa ƙudan zuma, ruwan zuma, saƙar zuma, kakin zuma.

Bayarabe ma haka yake yi: oyin, ƙudan da ruwan duka. Balarabe kuwa ya raba su: ƙudan nahl, wanda sura ta 16 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa, ruwan kuma asal. Abin da ke burge ni, duk yawan kalmomin da muka aro daga Larabci, asal bai ture zuma ba. Tun kafin aron muna rataya amya a bishiya.

To, me ke sa gyambo ya lafa in an shafa masa farar saƙa? A 1937 wasu masana a Jamus suka ga zuma na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, suka laƙaba wa sirrin suna inhibin, wato mai hanawa. Suna ne na wanda ya ga aiki bai ga ma'aikaci ba. Sai 1963 Jonathan White da abokan aikinsa a Amurka suka gano ashe haidurojin feroksaid ne, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti. Wani sinadari da ƙudan ke zubawa cikin zumar ne ke samar da shi kaɗan-kaɗan. Ga kuma sukari mai tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta, ga ɗan tsami.

Cikin sunayen zumar da suka fi tsada a duniya yau akwai manuka. Kalmar Maori ce, sunan wata bishiya a ƙasar Niyu Zilan, ƙarfin zumarta kuma daga sinadarin metilgilayoksal yake.

Zumar asibiti sai an kashe ƙwayoyin da ke ɓoye cikinta kafin a ɗora wa rauni. Ta kwalbar kasuwar Shinkafi ko Ƙauran Namoda ba a yi mata haka ba. Don Allah iyaye, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba zuma, ko da farar saƙa ce; tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki.