Bidiyon haja daga Guangzhou: Yadda ake sa manhaja ta raɗa wa fayiloli suna da kanta

Birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin na cikin wuraren da 'yan kasuwar Najeriya da Nijar suka fi zuwa sarin kaya. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda 'yan Afirka suka daɗe suna hada-hada, da kasuwar yadi ta Zhongda, da kuma baje-kolin Canton da ake gudanarwa sau biyu a shekara tun 1957, ciniki kan fara ne a yau da ɗan gajeren bidiyo.

Wakilin ɗan kasuwa kan zaga shaguna yana ɗaukar bidiyon kaya, ya koma masauki ya tace, sannan ya tura wa ubangidansa a Kantin Kwari ko Maraɗi. Shi kuma ya duba, ya ce a saro wannan a bar wancan.

Idan guntayen bidiyon suka kai ɗari ko fiye, sunan da ke kan kowane fayil ne ke haɗa shi da shagon da kayan suke, da lambarsu, da launinsu. Hausawa na cewa suna linzami ne. Da zarar sunan ya rikice to oda ma ta rikice, kuma kayan da suka riga suka shiga kwantena suka hau teku, gyara kuskurensu sai an yi asarar kuɗi da lokaci.

Wannan ya sa manyan manhajojin tace bidiyo suka tanadi hanyar da mutum zai tsara ƙa'idar suna sau ɗaya, manhajar ta riƙa cike ta da kanta a kan kowane guntu yayin da take fitar da su a jere.

Daga ina ruɗanin yake tasowa?

Yawancin kyamarori da wayoyi na bin wata ƙa'ida da masana'antun kayan lantarki na Japan suka tsara a ƙarshen shekarun 1990. Ita ce ta sa ake ganin jakar ajiya mai suna DCIM a cikin waya, da sunaye irin su IMG_0457, wato haruffa huɗu da lambobi huɗu.

Ƙirgen yana tsayawa ne a 9999, daga nan sai ya koma farko. Wasu kyamarorin ma kan sake ƙirga daga ɗaya idan aka goge katin ajiya. Saboda haka mutum biyu da suka ɗauki bidiyo da waya iri ɗaya a shaguna daban-daban za su iya dawowa da fayiloli masu suna ɗaya sak.

Idan aka fitar da irin waɗannan guntaye cikin jaka guda, ɗayan biyu ne ke faruwa: ko dai sabon fayil ya danne tsohon ya shafe shi, ko kuma kwamfuta ta liƙa masa wata lamba a ƙarshe wadda ba ta bayyana komai game da abin da ke ciki.

Mene ne ƙa'idar suna?

Ƙa'idar suna jerin gurabe ne da ake tsarawa, kowane gurbi da irin bayanin da zai ɗauka. Wasu guraben manhaja ce ke cike su daga bayanan da ke maƙale da fayil, kamar ranar ɗauka da sunan asali. Wasu kuma mai aikin ne ke shigar da su tun farko, kamar lambar kaya.

A ɗauka wakili ya ɗauki bidiyon leshi a wani shago na Zhongda. Sunan fayil ɗin zai iya zama haka:

20250418_ZD12_leshi_A3075_shudi_01.mp4

Gurbi na farko kwanan wata ne, na biyu alamar da wakilin ya ba shagon, na uku nau'in kaya, na huɗu lambar da mai shago ya san kayan da ita, na biyar launi, na ƙarshe kuma lambar jeri. Wanda ke Kano zai iya karanto lambar kayan ta waya, mai shago a Guangzhou ya gane abin da ake nufi ko da ba ya jin Hausa.

Sifirin da ke gaban lambar jeri yana da amfani. Wasu manhajojin na jera sunaye harafi bayan harafi ne, sai 10 ta zo kafin 2. Idan aka rubuta 02 da 10, ko 002 da 010 ga mai guntaye da yawa, jerin zai daidaita.

Me ya sa ake fara kwanan wata da shekara?

A Najeriya da Nijar ana fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ne ke zuwa farko. A Sin kuwa da shekara ake farawa. Don haka 03-04-2025 na iya nufin 3 ga Afrilu ga wani, ga wani kuma 4 ga Maris.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 8601, wadda aka fara wallafawa a 1988, ta zaɓi tsarin shekara, wata, rana. Bayan kawar da shakku, tsarin yana sa fayiloli su jeru da kansu daga mafi daɗewa zuwa na baya-bayan nan.

Akwai kuma batun bambancin lokaci. Guangzhou na gaban Kano da Yamai da sa'o'i 7. Bidiyon da aka fitar da ƙarfe 6 na safiyar Talata a Guangzhou, a Kano ƙarfe 11 na daren Litinin ne. Ya kamata ɓangarorin biyu su amince tun farko da agogon da za a bi, kuma an fi samun sauƙi idan aka riƙe ranar da aka ɗauki bidiyon maimakon ranar da aka fitar da shi.

Yadda manhajoji ke yin aikin

DaVinci Resolve, na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostireliya, yana da nau'in da ake saukewa kyauta. A shafinsa na fitar da aiki akwai zaɓin haɗe komai a fayil ɗaya ko fitar da kowane guntu daban. Idan mutum ya zaɓi na biyu, ya danna alamar % a wurin rubuta suna, jerin gurabe zai bayyana, kamar sunan guntu da sunan aikin da sauran bayanan da aka shigar. Ana iya shigo da waɗannan bayanai daga jadawalin da aka tsara a Excel aka adana a matsayin CSV. Akwai kuma wani zaɓi da ke ƙara wa kowane suna wasu haruffa domin kada fayiloli biyu su yi karo.

A Premiere Pro na kamfanin Adobe, fayil kan ɗauki sunan jerin aikin da aka fitar da shi daga ciki. Don haka ana fara raɗa wa jerin suna daidai, sannan a tura su gaba ɗaya zuwa Adobe Media Encoder. A can za a iya saita manhajar ta ƙara lamba idan ta tarar da suna iri ɗaya, ko ta liƙa sunan saitin da aka yi amfani da shi a ƙarshe.

Final Cut Pro na kamfanin Apple ya fara ba da damar fitar da guntaye da yawa a lokaci guda a 2018. Yana kuma da wurin tsara ƙa'idar suna da ake ɗora wa guntaye masu yawa kafin a fitar da su.

Masu iya rubuta umarnin kwamfuta kan yi amfani da FFmpeg, manhajar kyauta da Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara a 2000. Idan aka sa %03d a cikin suna yayin yanyanka dogon bidiyo, guntayen za su fito da lambobi 000, 001, 002, har ƙarshe.

CapCut, wanda a cikin Sin ake amfani da takwaransa Jianying, duk na kamfanin ByteDance, ya fi karɓuwa wajen masu tacewa a waya. Sai dai a wayar manhajar ce ke ba fayil suna na lambobi. Mafita ita ce a gyara sunayen daga baya a kwamfuta: PowerRename na cikin PowerToys a Windows, da Finder a Mac, da Adobe Bridge, duk suna iya sauya sunayen fayiloli masu yawa a lokaci guda.

Haruffan da ya kamata a kauce wa

Windows ba ya karɓar waɗannan alamomi a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Wannan na nufin ba za a raba kwanan wata da karkataccen layi ba. Ya fi kyau a raba gurabe da karan-ɗori ko layin ƙasa, a kuma guji barin fili tsakanin kalmomi.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma haruffan Sinanci, suna aiki lafiya a yawancin na'urorin zamani. Matsalar kan taso ne idan aka dunƙule fayiloli a ZIP. Kwamfutocin Windows da aka saita da Sinanci sun daɗe suna amfani da tsarin haruffa na GBK, kuma sunan da aka dunƙule da shi kan fito a hargitse idan aka buɗe a kwamfutar da ke bin wani tsarin. Shi ya sa a misalin da ke sama aka rubuta "shudi" ba tare da lanƙwasa ba.

Tsawon suna ma yana da iyaka. Yawancin tsare-tsaren ajiya ba sa karɓar sunan da ya wuce haruffa 255, kuma manhajoji da dama a Windows kan gaza idan cikakken adireshin fayil, tare da jakunkunan da yake ciki, ya haura haruffa 260.

Sunan na iya ɓacewa a hanya

Da WeChat, wanda kamfanin Tencent ya ƙirƙiro a cibiyarsa ta Guangzhou ya kuma fitar a 2011, ake yawan mu'amala da masu shaguna a Sin. A Najeriya da Nijar kuwa WhatsApp ne ya fi yawa. Idan aka tura bidiyo ta WhatsApp kamar yadda aka saba, zai isa wayar Android da sabon suna irin VID-20250418-WA0007.mp4, duk aikin da aka yi ya tafi a banza.

Hanyar kauce wa haka ita ce a tura shi a matsayin takarda, domin ta haka sunan ke isa yadda yake, ingancin hoton ma ba ya raguwa. Wata dabarar ita ce a buga lambar kayan a jikin hoton. DaVinci Resolve na iya rubuta sunan guntu a gefen bidiyo da kansa yayin fitarwa.

Kafin a fitar da aiki mai yawa

Sauya sunan fayilolin asali bayan an shigar da su manhajar tacewa na yanke alaƙarsu da aikin, sai manhajar ta nuna ba ta gan su ba. Duk gyaran da za a yi musu a yi shi kafin a fara tacewa, a kuma ajiye kwafinsu a wani rumbun ajiya daban.

Yana da kyau a gwada ƙa'idar a kan guntaye uku ko huɗu, a buɗe su a tabbatar abin da suna ya ce shi ne ke ciki, domin manhaja ba ta gane kuskure. Idan aka shigar mata da lambar kaya ba daidai ba, haka za ta maimaita ta a kan duk fayilolin.

A ƙarshe, a rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya tare da ma'anar kowace alama, a ba mai ɗauka, da mai tacewa, da mai karɓa a gida. Tsarin na amfanar masu tace fina-finan Kannywood da 'yan jarida kamar yadda yake amfanar ɗan kasuwa, sai dai su a gurbin lambar kaya za su sa lambar fitowa ko sunan rahoto.