Daga Gumi Zuwa Takarda: Tarihin Mallakar Gona a Arewa

Kafin zuwan Turawa, babbar hujjar manomi a ƙasar Hausa ita ce guminsa. Wanda ya nemi izinin dagaci, ya sare daji, ya tumɓuke kututture, ya zuba taki, gona ta zama tasa, 'ya'yansa su gada. Maigida na riƙe da gandu don ciyar da gida, samari da mata kuma suna da gayauna, abin da ta bayar nasu ne. Ana aro, ana jingina, a kewayen birnin Kano har saye da sayarwa ake yi.

Fiƙihun Malikiyya ya ƙarfafa wannan tsari da hukuncin raya matacciyar ƙasa, Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kansa a zamanin Daular Sakkwato. Hikimar a fili take: kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma babu mai dasa itace ko haƙa rijiya a gonar da za a iya karɓewa baɗi. Adalcin bai kai ga kowa ba, domin bayin da ke noma a rinji gumi nasu ne, amfani na iyayen gijinsu.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa suka sauya tushen. Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa kwamiti kan filayen Arewa a 1908, dokar 1910 kuma ta sanya ƙasar duka ƙarƙashin ikon gwamna, wai a madadin 'yan ƙasa. Ta hana kamfanonin Turai saye manyan gonaki, wannan alheri ne. Amma manomi ya koma mai izinin zama a gonar kakansa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan turba da dokar 1962. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa tsarin ga Najeriya baki ɗaya da wata sabuwar doka, aka kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, gyaranta ya yi wuya.

Tun daga nan fili amana ne a hannun gwamnan jiha. Takardar mallaka yawanci ta shekara 99 ce, sayarwa ko jingina ga banki sai da amincewar gwamna. Idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar ta gini ce da shuka da abin da aka kashe a kai, ita ƙasar ba a biyan kuɗinta. Manoman Bakolori sun ɗanɗana wannan: madatsar ruwa ta cinye gonakinsu, suka tashi neman diyya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka.

Yau mai hanya ke samun takarda, mai gumi kuwa shaidarsa dagaci ne da maƙwabta. Gonarsa ba ta karɓo masa bashin banki, ba ta kare shi ranar da birni ya iso ƙauyensu. Gyara na gaskiya shi ne a sauƙaƙa rajistar gonakin gado, a rubuta rabon mata da marayu da sunayensu, a kuma biya cikakkiyar diyya kafin a taɓa kunyar kowa.