Wa ke naɗa masu riƙon makarantar likitanci? Waiwaye daga Paris zuwa Yamai

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Majinyacin da ya kwana bisa gadon asibiti a Maraɗi ko a Damagaram ba ya tambayar wanda ya naɗa shugabannin makarantar da lokotoronsa ya fito. Abin da ke gabansa shi ne ya samu sauƙi. Amma kuwa wata majalisa ce ta yanke shekarun da wannan lokotoro ya yi yana koyo, da malaman da suka koya masa, da jarrabawar da ya ci kafin a ba shi izinin taɓa jikin mutum. Don haka yadda ake kafa wannan majalisa magana ce da ta shafi kowa. Tsarin da Nijar ke da shi a wannan fanni daga Faransa ya taso, ya biyo ta Dakar. Tarihin makarantar likitanci ta birnin Paris kuwa ya nuna cewa an yi kusan ƙarni huɗu ana jayayya bisa tambayoyi uku: wa ke zaɓen masu riƙon makaranta, shekara nawa za su yi, wa kuma ke da ikon tuɓe su.

Zamanin da likitoci ke naɗa kansu

A ƙarni na 17, makarantar likitanci ta Paris ƙungiya ce ta masu sana'a, kamar yadda maƙera ko wanzamai ke da tasu ƙungiya da sarkinsu. Likitocin birnin da ta yaye su ne majalisarta. Kowace shekara biyu, a farkon watan Nuwamba, sai su taru su fid da shugaba, wanda suke ce wa duwayan. Da farko akan fid da mutum 5 ta ƙuri'ar sa'a. Su biyar ɗin su keɓe su tsai da sunaye 3. A zuba sunayen cikin hula, wanda aka zaro shi ne shugaba. An yi wannan dabara don a toshe ƙofar kamun ƙafa, kuma fadar sarki ba ta da ta cewa a ciki.

Sai dai ƴancin bai hana su kuskure ba. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana yadda zuciya ke tura jini yana zagaya jiki. Manyan makarantar Paris, irin su Jean Riolan da Guy Patin, wanda ya yi duwayan daga 1650 zuwa 1652, suka ƙi yarda, domin maganar ta saɓa wa littattafan magabata da suka rantse da su. Wani likita kuma, Théophraste Renaudot, da ya yi karatu a Montpellier, ya buɗe wurin duba talakawa kyauta a Paris. Makarantar ta kai shi ƙara, a 1644 kotu ta hana shi aiki a birnin. Sai a farkon shekarun 1670 Sarki Louis na 14 ya sa Pierre Dionis ya koyar da zagayawar jini a Lambun Sarki, wurin da hannun makarantar bai kai ba. Majalisar da ba ta ba kowa bayani sai kanta ta tsare mutuncin ƴaƴanta, ta bar ilimi a baya.

Lokacin da hukuma ta karɓe linzami

Juyin juya halin Faransa ya share tsofaffin jami'o'i a 1793. Ba a jima ba yaƙi ya nuna giɓin da aka bari: sojoji na faɗuwa, masu yi musu magani sun yi kaɗan. Ran 4 ga Disamba 1794, bisa shawarar masanin kimiyya Antoine Fourcroy, majalisar ƙasa ta kafa makarantun lafiya uku: a Paris mai ɗalibai 300, a Montpellier mai 150, a Strasbourg mai 100. Hukuma ce ta naɗa malamai da shugabanni, ita ke biyansu. A nan aka haɗa likitanci da fiɗa wuri guda, aka kuma mai da gadon majinyaci ajin karatu. Ba a yi shekara talatin ba, ɗalibai suka riƙa zuwa Paris daga ƙasashe da dama.

Napoleon ya ƙara ɗaure tsarin. Dokarsa ta 17 ga Maris 1808 ta tara dukan makarantun gwamnati ƙarƙashin hukuma guda mai babban shugaba guda, wanda shi da kansa ke naɗawa. Na farko shi ne Louis de Fontanes. Majalisar hukumar na da mutum 30: goma masu kujerar dindindin da sarki ke naɗawa, ashirin kuma babban shugaban ke zaɓensu shekara-shekara. Duwayan na makarantar likitanci shi ma daga sama ake naɗo shi. Kariya ɗaya aka bar wa ilimi: kujerar malami da ta faɗi, sai ta gasar jarrabawa, wato kwankur, ake cike ta.

Abin da ya faru a 1822

Tsarin da ya rataya ga mutum guda, kyansa da muninsa na ga halin mutumin. A 1822, zamanin Sarki Louis na 18, aka ba wani babban limamin coci, Frayssinous, shugabancin hukumar ilimi. Fada na kallon makarantar likitanci a matsayin sheƙar masu adawa da sarauta da coci. Ran 18 ga Nuwamba, wurin bikin buɗe shekarar karatu, ɗalibai suka yi wa Nicolle, limamin da ke wakiltar hukumar a Paris, ihu. Kwana uku bayan haka umurnin sarki ya rushe makarantar baki ɗaya. Da aka sake kafa ta ran 2 ga Fabrairu 1823, an ajiye manyan malamai 11 a gefe ba tare da wata shari'a ba. Cikinsu har da Philippe Pinel, dattijo mai shekara 77, wanda ake danganta sunansa da kwance wa masu taɓin hankali mari. Da Desgenettes, babban likitan rundunar da ta je Masar. Da masanin haɗa sinadarai Vauquelin. Aka cike kujerun ta naɗi, ba kwankur.

Gaskiya dai ba duka waɗanda aka naɗa ne marasa cancanta ba. René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, a lokacin ya samu kujerarsa. Amma hanyar da aka bi ta zama al'ada. Da aka kifar da gidan sarautar a 1830, sabuwar gwamnati ta soke naɗin 1823, ta mai do da waɗanda suka rage a raye. Pinel kam ya riga ya rasu tun 1826. Mathieu Orfila, gwanin ilimin guba, ya riƙe makarantar daga 1831, juyin 1848 ya zo ya tuɓe shi cikin kwanaki kaɗan. A 1852 kuma dekeren 9 ga Maris ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa malamai da korarsu, ya kashe kwankur na kujeru. In kiɗa ya sake, rawa sai ta sake; malamin da ya san kujerarsa na bin iskar siyasa kuwa, kunnensa ɗaya na ga majinyaci, ɗaya na ga fada.

Neman tsaka-tsaki

Jamhuriya ta uku ce ta nemi raba gardama. Dekeren 28 ga Disamba 1885, wanda Louis Liard, daraktan ilimi mai zurfi, ya yi wa aiki ƙarƙashin minista René Goblet, ya ba kowace makaranta majalisarta ta malamai mai duba kasafi da tsarin karatu. Naɗin duwayan ya zauna hannun minista, amma na shekara 3 ne, kuma dole ya ɗauko shi daga sunayen da aka miƙa masa: biyu daga taron malaman makarantar, biyu daga majalisar da ta haɗa makarantun yankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai aka bar masa ya nuna mai gyara. Mai biyan kuɗin gyaran kuma aka bar masa sa hannu. Dokar 10 ga Yuli 1896 ta mai do da sunan jami'a bisa wannan tushe, tsarin kuma ya rayu sama da shekara 80.

Shi ma yana da nasa aibu. Manyan malamai kaɗai ke da murya mai nauyi. Kowane ya zama sarki a sashensa, yana ɗaga wanda ya so, mafi yawan yininsa kuma yana ga majinyatansa masu biya a cikin gari. Gyara biyu suka biyo. Ran 30 ga Disamba 1958, bisa aikin likitan yara Robert Debré, aka ƙulla makarantar likitanci da babban asibiti suka zama cibiya guda, malami ya koma cikakken ma'aikaci mai koyarwa, mai jinya, mai bincike. Bayan tarzomar ɗalibai ta Mayu 1968 kuma, dokar Edgar Faure ta 12 ga Nuwamba ta kafa majalisu zaɓaɓɓu da suka haɗa manyan malamai da ƙanana, da ɗalibai, da ma'aikata, da mutanen waje. Tsohuwar makarantar Paris aka rarraba ta gida-gida.

A dokar Faransa ta yau, majalisar makarantar likitanci ba ta wuce mutum 40. Mutanen waje na riƙe da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na kujerun, sauran kuma kowane rukuni ke zaɓen nasa. Majalisar ce ke zaɓen duwayan na shekara 5, ana iya sabunta masa sau ɗaya. Hukuma ba ta janye ba: ita ke naɗa babban daraktan asibitin koyarwa, dekeren shugaban ƙasa ke tabbatar da manyan malamai bayan kwankur, wakilinta kuma na bin diddigin kasafin jami'a.

Daga Dakar zuwa Yamai

Abin lura shi ne, Faransa ba ta kawo sulhun 1885 ƙasashen da ta mallaka ba. Makarantar likitanci ta Dakar, da aka kafa a 1918 lokacin da ake ɗibar sojojin Afirka zuwa yaƙin duniya na farko, ƙarƙashin gwamna-janar take. Daraktanta na farko, Aristide Le Dantec, likitan soja ne da hukuma ta naɗa. Ɗalibanta, waɗanda akasarinsu daga lakkol William Ponty suke fitowa, mataimakan likita ake yaye su, su yi aiki ƙarƙashin Turawa komi gwanintarsu. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya gama a 1925, yana cikinsu. Babu majalisar da ɗan ƙasa zai tsaya a cikinta ya ce karatun bai isa ba. Sai a shekarun 1950 aka fara cikakken karatun likitanci a Dakar.

Nijar ta kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, makarantar ilimin kiwon lafiya ta buɗe a 1974, shekarar da soja suka karɓi mulki. A wancan zamani naɗi daga sama yake zuwa. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, iskar demokraɗiyya ta shiga jami'a, wadda ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, zaɓe ya zama hanyar fid da shugabanninta. Daga baya Maraɗi da Damagaram suka samu nasu sassan koyon likitanci. A 2018 da 2019 tsohuwar jayayya ta sake tashi. Gwamnati ta ce tun da ita ke biya, dole shugaban jami'a ya zama wanda za ta iya tuhuma. Sandikar malaman jami'a, SNECS, ta ce wanda aka naɗa ba zai iya ce wa mai naɗa shi a'a ba, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An yi watanni ana yajin aiki, ɗalibai na zaune, kafin Majalisar Dokoki ta amince a 2019 da dokar da ta mai da naɗin shugabannin jami'o'i hannun gwamnati.

Kowane ɓangare na da shaida a tarihin Paris. Masu son naɗi na iya nuna likitocin da suka ƙi Harvey suka kuma rufe wa talakawa ƙofar Renaudot. Masu son zaɓe na iya nuna Pinel da ƴan'uwansa goma. Abin da ya zaunar da makarantar tsawon shekaru shi ne rabon iko da aka rubuta dalla-dalla: masana su tace sunaye, hukuma ta tabbatar ta kuma binciki kuɗi, wa'adi ya zama sananne, tuɓewa ta bi dalili da hanyar da aka shimfiɗa tun farko. Duk lokacin da aka sake ɗauko dokar jami'o'i don gyara, a Yamai ko a wani wuri, waɗannan ayoyi ne ya kamata malamai da ƙungiyoyi su fara karantawa. Su kuma duba kujerun mutanen waje, ko akwai wadda aka keɓe wa asibitocin jihohi da masu magana da yawun majinyata, tun da su ne za su zauna shekara talatin da likitan da majalisar ta yaye.