Tarihin Shigar Attajirai Harkar Kai Mutum Sararin Samaniya

Kai ɗan Adam sararin samaniya da dukiyar 'yan kasuwa, ba da baitulmalin hukuma ba, al'amari ne da bai kafu sosai ba sai a wannan ƙarni, domin tun daga ranar 12 ga Afrilu 1961 da Yuri Gagarin ya kewaya duniya har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin, dauloli biyu ne kaɗai, Rasha da Amurka, suka mallaki kumbon da ke ɗaukar mutum, kuma gasar ɗaukaka ce ke tura su, ba neman riba ba. Ƙasar Kano ma tana da rabonta a wancan zamani, ko da yake da wuya a sami manomin Bichi ko Dambatta da labarin ya iske: hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta kafa tashar sadarwa da kumbo a Kano, wadda tana cikin tashoshin da ɗan sama jannatinta John Glenn ya yi magana da su ranar 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da ya kewaya duniya sau uku.

Ƙofar ta buɗe ne daga inda ba a zata ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, da talauci ya kama hukumar sararin samaniyar Rasha, sai ta yarda ta sayar da kujera a kumbonta na Soyuz, har wani attajirin Amurka, Dennis Tito, ya biya kimanin dala miliyan 20 ya tafi a Afrilu 2001, alhali NASA ba ta so. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi shi a 2002, sannan Anousheh Ansari, Musulma haifaffiyar Iran, a 2006. Amma waɗannan duka fasinjoji ne a kumbon hukuma. Kumbon farko da 'yan kasuwa suka ƙera da kuɗinsu, ya kai mutum can, shi ne SpaceShipOne a 2004, wanda ya ci kyautar dala miliyan 10 mai ɗauke da sunan zuriyar Ansari ɗin nan.

Bilhasali dai, babban juyi ya zo ne ranar 30 ga Mayu 2020, lokacin da kamfanin SpaceX na Elon Musk, wanda ya rage tsada ta hanyar dawo da rokarsa ƙasa a sake amfani da ita maimakon ta faɗa teku ta salwanta, ya harba 'yan sama jannatin NASA biyu zuwa tashar ƙasa da ƙasa da ke falaki. Daga ranar nan hukuma ta koma mai biyan kuɗin kujera, ɗan kasuwa kuwa mai jirgi, har Saudiyya ma ta hanyar kamfanin Axiom ta tura Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni a Mayu 2023.

Wajibi ne mai karatu ya rarrabe tsakanin tafiya biyu da jaridu kan gwama. Akwai shiga falaki, wadda ke ɗaukar kwanaki, akwai kuma leƙe, irin wanda Richard Branson da Jeff Bezos suka yi a Yuli 2021, inda kumbon Bezos kan haura kilomita 100 ya dawo cikin minti goma sha ɗaya ko ƙasa da haka; bambancinsu kamar na mai zaman Makka ne da wanda ya hango ta daga tagar jirgi. Irin wannan leƙe ne lauya Owolabi Salis ya yi a kumbon Blue Origin, kamfanin Bezos, ranar 29 ga Yuni 2025, ya zama haifaffen Nijeriya na farko da ya kai can, shekara guda bayan hukumar sararin samaniyar Nijeriya, NASRDA, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA don samar wa ɗan Nijeriya kujera.

Fa'idar wannan harka ga mutanen karkara, a ganina, ba a cikin yawon attajirai take ba, tana cikin arahar roka, wadda ta ba SpaceX damar harba dubban taurarin ɗan Adam na Starlink masu kai intanet inda waya ba ta isa ba. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka buɗe wa wannan hidima, a Janairu 2023, sai dai kuɗin na'urarta har yanzu ya fi ƙarfin mai noman gero da gyaɗa.