Usman Baba Pategi

Usman Baba Pategi (1942 – 12 ga Nuwamba 2023), wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne kuma ɗan wasan barkwanci a Najeriya. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara.

Ya yi fice da shirin Samanja, wanda gidajen rediyo da talbijin na Kaduna suka riƙa yaɗawa tun shekarun 1970. Yakan fito a matsayin samanja mai tsawa, yana cakuɗa Hausar bariki da Turancin buroka. A zamanin mulkin soja, lokacin da talakawa ke shakkar kaki, shirin ya nuna musu zaman bariki cikin raha. Ya rasu a Kaduna.