Ci gaban labarin wasannin bidiyo: aikin masoya, haƙƙin kamfani

Duk wanda ya ga faifan ƙwallon ƙafa na PlayStation 2 ɗauke da ƴan wasan bana, a Tawa ne ko a Madawa, to ya san ba daga kamfanin Konami ya fito ba, domin PES 2014 ne na ƙarshe da kamfanin ya yi wa wannan na'ura. Masoya wasan ne ke buɗe shi su canza sunaye da riguna. Irin wannan gyara ana ce masa mod.

Wasu ba sa tsayawa kan riguna. Sukan ɗauki injin wasan su rubuta masa sabon labari, da sabbin mutane da maganganunsu, ko su ɗora daga inda kamfani ya tsaya. Rubutun ya fi na littafi wuya ta wani gefe: mai wasa ne ke zaɓen hanya, don haka dole marubuci ya tanadi abin da zai biyo bayan kowane zaɓi.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Nick Pearce, wani lauya ɗan Ostareliya. A 2015 ya saki The Forgotten City a cikin wasan Skyrim, labarin wani gari da idan mutum ɗaya ya yi laifi kowa zai halaka. A 2016 ƙungiyar marubutan ƙasarsa ta ba shi lambar yabo. Amma da ya so sayarwa, sai da ya fitar da labarin daga duniyar Skyrim gaba ɗaya, ya mayar da shi zamanin Rumawa, ya sake ginawa. A 2021 ya shiga kasuwa.

Dalili kuwa shi ne haƙƙin mallaka. Sunan wasa da jarumansa da duniyarsa na kamfani ne, ko da wani ya kwana shekaru yana yi musu hidima kyauta. Wasu masoya Chrono Trigger, wasan Japan na 1995, sun fara rubuta masa ci gaba a 2004 da sunan Crimson Echoes. A watan Mayun 2009, saura makonni kaɗan su sake shi, kamfanin Square Enix ya aiko da takardar lauya, aikin ya tsaya. Haka Nintendo ta yi wa Milton Guasti na Ajantina a 2016, kwanaki kaɗan bayan ya fitar da AM2R, sabon ginin Metroid II da ya ci masa kusan shekara 10. Shi dai ya yi sa'a, daga baya kamfanin Moon Studios ya ɗauke shi aiki.

Ba duk kamfanoni ke da wannan zafi ba. Bethesda, mai Skyrim da Fallout, da kanta take raba kayan aikin gyaran. Da su ne wata ƙungiya ta gina Fallout: London, wanda ya fito kyauta a Yulin 2024, sai dai ba ya tashi sai mutum yana da Fallout 4 a kwamfutarsa. Valve kuma ta bar masu Black Mesa, sabon ginin Half-Life, su sayar da aikinsu a dandalinta na Steam, inda ya kammala fita a 2020.